Kalkuleta Mai Zane a Ajin Aljabara

A shekarar 1985 kamfanin Casio na Japan ya fito da fx-7000G, kalkuleta ta farko da ke zana lissafi a ɗan allonta. Texas Instruments na Amurka ya biyo baya da TI-81 a 1990, kuma shi ne ya mamaye ajujuwan ƙasar, musamman da TI-84 Plus ta 2004. Malamai biyu na Jami'ar Jihar Ohio, Bert Waits da Franklin Demana, suna cikin waɗanda suka yi ruwa suka yi tsaki wajen shigar da ita darasin aljabara.

Hujjarsu tana da ƙarfi. A da, ɗalibi kan cinye rabin darasi yana ɗiga ɗigo a takarda kafin ya samu zane guda. Yanzu yana rubuta y = x² sai layi ya fito mai lanƙwasa kamar ƙwarya. Ya ƙara 3, ƙwaryar ta hau taki uku. Ya sa alamar ragi a gaban x², ta kife. Abin da malam ya yi ta bayani da baki, ga shi ido ya gani.

Sai dai na'urar ba ta yi wa kowa tunani. Allon TI-84, idan ba a taɓa shi ba, yana nuna daga −10 zuwa 10 ne kawai, tsaye da kwance. Rubuta y = x² + 20 ka gani: allo wayam. Ɗalibin da bai san dawan garin ba zai ce kalkuleta ta lalace, alhali zanen yana can sama, gindinsa a kan 20, inda allon bai kai ba. Wanda ya iya aikin da fensir kaɗai zai san ya faɗaɗa allon. Nan ne, a ganina, aikin malami yake: ya sa ɗalibi ya faɗi siffar da yake tsammani kafin ya danna maɓalli.

Akwai kuma maganar kuɗi. Shekara da shekaru farashin TI-84 yana wajen dala 100 ko fiye, ga allo mai ɗigo 96 a kwance da 64 a tsaye, abin da wayar hannu mafi araha ta wuce nesa ba kusa ba. Manhajojin GeoGebra da Desmos suna yin wannan aikin kyauta, kuma tun 2024 Desmos tana cikin jarrabawar SAT da ɗaliban Amurka ke rubutawa a kwamfuta.