Tuƙin Mota a Lokacin Hunturu a Ƙasar Kabi

Manufar wannan maƙala ita ce ta yi bayani a kan haɗarin da hazo ke jawo wa matafiya a hanyoyin ƙasar Kabi, musamman tsakanin Birnin Kebbi da Argungu, da kuma yadda ya kamata direba ya bi da motarsa a irin wannan lokaci.

Hunturu yakan kama daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Maris. Iskarsa tana busowa ne daga arewa maso gabas, tana ɗauke da ƙura mai laushi wadda mafi yawanta daga kwarin Bodele na ƙasar Cadi take tasowa. Wannan ƙura ita ce ke rataye a sararin sama ta zama hazo. A kwarin Gulbin Rima kuwa abin yakan ninka, domin da asuba sanyi yana kwanciya a fadama, sai tururin ruwa ya haɗu da ƙura da hayaƙin ƙunar daji. Saboda haka mutumin da ya fito daga unguwar Badariya bayan sallar asuba ya nufi Argungu, yana iya tarar da hanya ta rufe ƙirin tun kafin ya yi nisa da gari.

Wani abin lura shi ne, lokacin ne kuma hanya ta fi cika. Manoma na kai shinkafa da albasa kasuwa, makiyaya na gangarowa fadama da shanunsu suna tsallaka kwalta, ga raƙuma da jakuna da masu kekuna waɗanda ba su da fitila. Haka nan bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934, yawanci a ƙarshen hunturu ake yin sa, baƙi kuwa da dama ba su san kwanonin hanyar ba.

To, babbar ƙa'idar tuƙi cikin hazo guda ɗaya ce, watau kada gudun mota ya wuce iyakar ganin ido. Dalili kuwa lissafi ne. Motar da ke gudun kilomita 80 a awa tana cin kimanin mita 22 a kowace daƙiƙa. Kafin direba ya ga saniya, ya ɗaga ƙafa ya taka birki, daƙiƙa ɗaya ta wuce. Bayan haka motar na bukatar wajen mita 36 kafin ta tsaya a busasshiyar kwalta, jimla kusan mita 60 ke nan. Idan hazo bai bar shi ya hango abin da ya wuce mita 40 ba, to ko da birkinsa sabo ne sai ya yi karo. Amma a gudun kilomita 40, mita 20 sun ishe shi. Dokar hanya ta ba ƙaramar mota damar yin kilomita 80 a babbar hanya da 50 a cikin gari, sai dai wannan iyaka ce ta ranar da gari ya yi garau.

Abu na biyu shi ne fitila. Direbobi da yawa sukan kunna babbar fitila da zaton za su fi gani, alhali ƙurar takan mayar da hasken cikin idonsu, ta kuma kashe wa mai zuwa ido. Ƙaramar fitila mai duban ƙasa ita ta dace, ko da rana ce, domin a hango motar daga nesa. Na uku, kada a manne wa motar gaba, kada kuma a sha gabanta sai an ga hanya sarai. Idan hazo ya yi tsanani, a sauka daga kan kwalta gaba ɗaya, a kunna fitilun gargaɗi, a jira gari ya washe.

Ita ma motar tana da nata haƙƙi. A wanke gilashi da ruwa kafin a tashi, domin goge busasshiyar ƙura yana karce shi. A riƙa kakkaɓe matatar iskar inji, a duba birki da taya da fitilun baya. Direba kuma ya kiyayi gyangyaɗi, don rufe tagogi saboda ɗari yana kawo barci.

Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Tarayya, wadda aka kafa a 1988, takan yi gargaɗi a kan hazo, tana kuma da lambar kiran gaggawa, 122. Amma jami'anta ba za su tsaya a kowace kwana ba. Nauyin yana wuyan direba, da kuma fasinjojin da ke zuga shi ya yi sauri don su cim ma kasuwa. Hausawa dai sun ce sauri ya haifi nawa, kuma tafiya sannu sannu kwana nesa.