Shigo da Fayil cikin Zanen Kwamfuta: Hanyoyinsa da Kalmominsa

1.0 Gabatarwa

Zanen gini ba aikin mutum ɗaya ba ne. Mai awon ƙasa ne ke kawo taswirar fili, injiniya ya kawo zanen ginshiƙai, sannan mai zanen gini ya haɗa su wuri guda. Sau da yawa kowannensu da manhajar da yake aiki da ita. Ɗauko aikin wani a sa shi cikin zanen da ake kai shi ake kira shigo da fayil. Wannan takarda za ta bayyana yadda ake yin sa, da inda ake tuntuɓe, da kalmomin da suka dace da shi a Hausa. An ɗauki manhajar AutoCAD, wadda kamfanin Autodesk na Amurka ya fitar a 1982, a matsayin misali.

2.0 Ire-iren Fayil

Hoto a kwamfuta iri biyu ne. Akwai zanen layi, inda kwamfuta ke riƙe da lissafin kowane layi: mafarinsa da ƙarshensa. Akwai kuma hoton ɗigo, kamar JPEG, wanda tarin ƙananan ɗige-ɗige ne kawai. Ana iya kama bango a zanen layi a tsawaita shi. A hoton ɗigo kuwa sai dai a shimfiɗa shi a ƙasa, a bi kansa da sabon layi.

DWG shi ne fayil ɗin AutoCAD na asali. An sha sauya tsarinsa, shi ya sa tsohuwar manhaja kan kasa buɗe sabon fayil. DXF kuma tun 1982 aka yi shi domin musaya tsakanin manhajoji, tamkar harshen kasuwa tsakanin ƙabilu. Masu ƙera injuna sun fi amfani da IGES, na 1980, da STEP, na 1994. Game da PDF, a da shimfiɗa shi kawai ake yi, amma daga AutoCAD 2017 ana iya mayar da layukansa su zama na gyarawa.

3.0 Hanyoyi Biyu

Hanya ta farko ita ce cusawa, da umurnin INSERT. A nan baƙon zanen kan zama ɗan gida, ya rabu da asalinsa. Idan mai awo ya gyara taswirarsa gobe, gyaran ba zai iso ba.

Hanya ta biyu ita ce jinginawa, da umurnin XREF, wanda ya zo a 1990. A nan zanen ba ya haɗiye baƙon fayil, adireshinsa kawai yake riƙewa, ya karanto shi duk lokacin da aka buɗe. Ke nan gyaran da injiniya ya yi zai bayyana da kansa. Illar ita ce, idan aka sauya wa fayil ɗin wuri ko suna, ko aka aika zane ba tare da shi ba, sai a tarar da wurinsa wayam.

4.0 Matsalar Ma'auni

Layi a kwamfuta lamba ce. Mai zane ne ya san ko mita yake nufi ko ƙafa. A Nijar da mita ake awo, amma a arewacin Nijeriya an saba faɗin girman fili da ƙafa, kamar 50 da 100. Ƙafa ɗaya mita 0.3048 ce, don haka wannan fili mita 15.24 ne da 30.48, wato kimanin murabba'in mita 465. Idan aka shigo da shi cikin zanen mita ba tare da juya ma'auni ba, sai ya fito 50 da 100 a mita, wato murabba'in mita 5,000. Ya ninka gaskiyarsa fiye da sau goma. Ginin da aka tsara a kan wannan taswira zai shiga filin maƙwabci. Maganin abin shi ne a duba ma'aunin fayilolin biyu, sannan a auna tsawo ɗaya da aka riga aka sani kafin a ci gaba.

5.0 Haruffa Masu Lanƙwasa

Wannan ya shafi ɗalibin harshe kai tsaye. Fayil ɗin DWG ba ya tafiya da salon haruffansa, sunan salon kawai yake ɗauka. Idan kwamfutar da ta karɓa ba ta da shi, sai ta musanya shi da wani, kuma wanda ba shi da ɓ, ɗ, ƙ da ƴ yakan sa alamar tambaya ko ɗan akwati a gurbinsu. Cire lanƙwasar ba mafita ba ce, domin "ƙafa" daban take da "kafa". Abin yi shi ne a zaɓi salon Unicode mai waɗannan haruffa, kamar Charis SIL, a kuma tabbatar yana kan kwamfutar mai karɓa.

6.0 Zaɓen Kalma

Me ya sa "shigo da", ba "shigar da" ba? A rabon aikatau na Parsons, na 1960, "shigo" na aji na 6 ne, mai nuna motsi zuwa wajen mai magana. Mai zane yana cikin zanensa, fayil ne ke zuwa gare shi. "Shigar da", na aji na 5, ya fi dacewa da wanda ke waje yana tura abu ciki, kamar mai buga lambobi. Kishiyar aikin kuwa "fitar da" ce, domin fayil ɗin barin wajen mai zane yake yi.

7.0 Kammalawa

An ga cewa kafin a shigo da fayil akwai tambayoyi huɗu: wane iri ne, cusa shi za a yi ko jinginawa, da wane ma'auni aka zana shi, kuma haruffansa za su fito? Ana son ɗalibi ya gwada kalmomin "cusawa" da "jinginawa" a wajen masu wannan sana'a, ya ji ko sun karɓe su, ko suna da waɗanda suka fi su.