Watan Kartika: Watan Fitilu Na Maƙwabtanmu 'Yan Hindu

Duk wanda ya taso a Nima ko Maamobi zamanin da silimar Dunia ke cika maƙil da 'yan kallo, ya san fim ɗin Indiya kamar yunwar cikinsa. Mun sha ganin mata sun jera ƙananan fitilu a bakin ƙofa, wuta na tartsatsi a sama, ana ta rawa, mu kuwa muna ɗauka duk adon fim ne. Alhali kuwa ibada ce a wurinsu, tana da watanta, kuma a nan Ankara ma akwai masu yinta.

Sunan watan Kartika, yana kamawa tsakanin Oktoba da Nuwamba. To, mai karatu zai ce, in dai da wata suke lissafi kamar mu, me ya hana nasu zagayawa yadda azuminmu ke faɗawa wani lokaci cikin damina, wani lokaci cikin hunturu? Shekarar wata kwana 354 ce, ta gaza ta rana da wajen kwana 11. Su 'yan Hindu sai su bari giɓin ya taru, bayan kamar wata 32 su ƙara wata guda cur a shekara. Shi ya sa bikin Diwali ya kama 24 ga Oktoba a 2022, amma a 2023, da aka yi ƙarin wata, sai ya koma 12 ga Nuwamba. Mu an hana mu irin wannan ƙari a cikin Suratut Tauba. Ɗalibaina kan fi saurin gane lissafin kwanan wata da wannan misali fiye da na cikin littafi.

Diwali ana yinsa ne a daren da wata ya ɓace ƙurmus. Fitilar da suke kunnawa ba ta da maraba da aci-balbal ɗinmu ta dā: ɗan kasko, mai da lagwani. A arewacin Indiya suna tuna komowar Rama birnin Ayodhya bayan shekara 14 yana gudun hijira, 'yan kasuwa kuma su roƙi Lakshmi, wadda suke ɗauka uwar arziki, wasunsu su buɗe sabon littafin ciniki. Bayan kwana biyu mata su yi wa 'yan'uwansu maza addu'a, su kuma su ba su kyauta.

Abin da ya fi ba watan daraja a wurinsu shi ne ranar 11 ga hasken wata, wadda suke cewa Bishnu ya farka daga barcin wata huɗu. Cikin waɗannan watanni da yawansu ba sa ɗaura aure. Da ya farka sai a yi wa wani tsiro mai suna tulsi, ɗan'uwan ɗaɗɗoyarmu, bikin aure na al'ada da shi, daga nan ƙofar aure ta buɗe ga kowa. Daren da wata ya cika kuwa, mutane kan yi wanka a kogin Ganga, a birnin Baranasi a ƙawata matakalan bakin kogi da fitilu. Rannan ne kuma mabiya addinin Sikh ke bikin haihuwar Guru Nanak.

Wasu na zaton addinin na Indiyawa ne kaɗai. A Odorkor akwai Hindu Monastery of Africa, wadda Swami Ghanananda, mutumin Senya Beraku, ya kafa a 1975 bayan ya yi karatu a Indiya. Ya rasu a 2016, mabiyansa kuma galibi 'yan Gana ne. A Medie, kan hanyar Nsawam, 'yan Hare Krishna suna da ɗakin ibadarsu. Su suna kiran watan Damodara, kullum da yamma suna miƙa fitila ga Krishna har watan ya ƙare. Ga kuma 'yan kasuwar Indiya, yawancinsu 'yan Sindhi, da ke nan tun zamanin Turawa.

Ba na ganin sanin wannan zai taɓa imanin kowa, jahiltarsa ce ke jawo mana kunya. Samarinmu da yawa suna aiki a kantunan Indiyawa, wasu direbobi, wasu masu gadi. Ranar Diwali maigida ya miƙo kwalin alewa, wani ya karɓa bai san mene ne ba, wani ya ƙi da ɗaure fuska. Akwai alewar da kyauta ce kawai daga kanti, akwai kuma wadda aka fara gabatarwa a wurin bauta, ita suke kira farasad. Tambaya cikin ladabi ta isa ta raba su, hukuncin ci kuwa a nemi malamai.

Dattawanmu ba su manta da Nuwamban 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasa, gidajen zango suka wayi gari wayam. Shekara na zagayowa, dokar kasuwanci ta 1970 ta hana baƙi ƙananan kantuna, ta kuwa faɗa kan Indiyawa da Kwarori. A idon hukuma ta wancan lokaci, da mai kunna fitilar Diwali da Bahaushe mai sayar da goro da ba shi da takarda, duk sunansu ɗaya, baƙi.