Ko Ka Sani? Abin da ke Sa Ɗigon Taswira Rawa a Badar

Alhajin da ya taso daga Madina zuwa ziyarar Badar, tafiyar kusan kilomita 150, yakan tsaya bakin maƙabartar shahidai ya buɗe taswirar wayarsa don ya nuna wa mutanen gida inda yake. Sai ya ga shuɗin ɗigon nan ya tsallaka titi ya dawo, alhali ko taki ɗaya bai yi ba. Wani zai ce netwok ne. Sau da yawa matsalar daga sama take.

Taurarin ɗan'adam na GPS suna shawagi a nisan kilomita 20,200, kowanne yana ta shelar lokaci. Wayarka na auna jimawar saƙon a hanya, daga taurari aƙalla huɗu, ta lissafa inda kake. Kuskuren kashi ɗaya cikin miliyan na daƙiƙa kaɗai ya isa ya kai ka mita 300 daga inda kake tsaye. To ga shi saƙon ba ya isowa salin alin.

Can sama, har zuwa kilomita 1,000, akwai shimfiɗar iskar da ake kira ayonosfiya, inda rana ke fisgo ƙwayoyin lantarki daga jikin iska. Su ke riƙe saƙon ya makara, waya ta ɗauka tauraron ya fi haka nisa. Kuskuren kan kai mita da dama, ya fi tsanani bayan azahar, ya lafa da asuba. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne wurin da Badar take. Layin tsakiyar maganaɗisun duniya ya ratsa ta Najeriya da Habasha, kuma ƙwayoyin nan na taruwa ne kimanin digiri 15 arewa da kudu da shi, kamar yadda Edward Appleton ya bayyana a 1946. Yammacin Saudiyya na dab da tarin arewa. Mu kuma da ke kusa da layin, namu rikicin bayan magariba yake tasowa, saƙo ya riƙa yankewa.

Iskar da muke shaƙa ma tana da nata. Tauraron da ke saitin kai takan ƙara masa sama da mita 2, wanda ke gefen sararin sama kuwa har sama da 20. Danshin da ke tasowa daga Bahar Maliya shi ne mai wuyar lissafi, don kullum cikin sauyawa yake.

Lissafin da John Klobuchar ya tsara, wanda taurarin ke aiko da alƙalumansa, yana rage kusan rabin kuskuren ayonosfiya. Tun 2018 aka fara samun wayoyi masu karɓar zango biyu, L1 da L5. Tunda makararsu ba ɗaya ba ce, waya kan gwada su ta cire kusan duka. Danshi kuwa daidai yake riƙe zangon biyu, don haka wannan dabara ba ta kama shi.