Gargaɗi ga Masu Cinikin Fiyucas na Kirifto: Ku Duba Odar da Kuka Saka

Duk mai ciniki a buɗe a kasuwar fiyucas, irin wadda ba ta da ranar ƙarewa, a Binance ne ko Bybit ko wata manhaja, ya buɗe wayarsa yanzu ya duba wace irin oda ya saka don tsayar da asara. Matasanmu da yawa, musamman waɗanda suka shigo harkar ta hanyar danna-danna na Notcoin da Hamster Kombat a 2024, suna kwana da tabbacin cewa sun tsare kuɗinsu, alhali abin da suka saka ba zai fitar da su ba ranar da kasuwa ta rikice.

Odar maket tana saye ko sayarwa nan take a kan farashin da ta tarar, ko da ya fi wanda ka gani muni. Odar limit kuwa tamkar ɗan kasuwar Kantin Kwari ce da ya ce albarka: ba ta sallamawa sai an kai farashin da ka yanka, in ba a kai ba tana nan zaune. Haɗarin yana cikin wadda ake kira sitof-limit, domin ita ma limit ce, sunan ne kawai ke ruɗar mutane.

Ka ɗauka ka zuba dala 100, ka ninka ta sau 20, cinikinka ya zama na dala 2,000. Ka sayi Bitcoin a kan dala 61,000, ka ce in ya sauko 60,000 a sayar, amma kada a sayar ƙasa da 59,900. Sai wani labari ya fito, farashi ya yi tsalle daga 60,050 zuwa 59,000 cikin daƙiƙu. Odarka ta tashi, amma babu mai saye a kan 59,900, don haka ba ta cika ba. Farashi ya ci gaba da gangarowa, kafin faɗuwar ta kai kashi 5 cikin ɗari manhaja ta rufe cinikin da kanta, jarinka ya tafi. Wannan shi ne likwideshan.

Hakan ya riga ya faru. A daren Juma'a, 10 ga Oktoba 2025, bayan Shugaba Donald Trump na Amurka ya sanar da ƙarin harajin kashi 100 a kan kayan Sin, an share cinikin da ya kai kimanin dala biliyan 19 cikin awa 24. Wasu ƙananan tsabobin kirifto sun zube warwas cikin mintuna.

Saboda haka, don tsayar da asara ka yi amfani da sitof-maket. Za ta iya fitar da kai a farashin da bai yi maka daɗi ba, amma fita da rabin jari ya fi fita hannu rabbana. Ka kuma duba da wane farashi za ta tashi. Manhajojin nan suna yin likwideshan ne bisa farashin da suke lissafowa daga kasuwanni da dama, wanda suke kira mak firais. In ka ɗaura odarka a kan farashin ciniki na ƙarshe, kuma ta yi kusa da inda za a share ka, ana iya share ka kafin ta motsa.

Akwai wani ɗan akwati mai suna ridiyus-onli, wanda ke hana oda buɗe sabon ciniki. Ka danna shi. In ba haka ba, za ka iya rufe cinikinka da hannu ka manta da tsohuwar oda, ta tashi kana barci ta buɗe maka sabon ciniki a ɗaya ɓangaren. Jingina kuma ka zaɓi keɓantacciya, wato aisoletad. In ka bar ta a kuros, duk abin da ke asusunka na fiyucas ya shiga jingina.

Kada ka manta da kuɗin da ake yanka tsakanin masu saye da masu sayarwa, yawanci kowace awa 8, wanda zai iya cin jarinka a hankali in ka daɗe a ciki. Batun halaccin wannan ciniki ma malamai da yawa suna da magana mai nauyi a kai, ya kamata ka tambaya kafin ka shiga.

Masu raba sigina a Telegram da WhatsApp suna ba ka farashin shiga da na cin riba, ba kasafai suke gaya maka irin odar da za ka fita da ita ba. In ba ka iya bambance waɗannan ododi ba tukuna, rufe cinikin yau, kuma kada kuɗin makaranta, na adashe ko na bashi su shiga wannan kasuwa.