Wasan Sitiyari a Tsohuwar Mota: Gano Dalilinsa da Gyaransa

Duk wanda ya tsaya a bakin Kasuwar Gamboru a Maiduguri da sassafe zai ga motoci suna ɗaukar kaya da fasinja, waɗansu za su kama hanyar Dikwa har zuwa Gamboru Ngala a iyakar Kamaru. Da yawa daga cikinsu sun daɗe suna aiki, kuma abin da direbobinsu suka fi kuka da shi shi ne wasan sitiyari, watau a juya sitiyari mota ba ta amsa nan take ba, ko kuwa ta riƙa yawo a kan kwalta, direba yana ta tarairayarta. Waɗansu sun saba da wannan har suna ɗaukarsa halin tsufa ne kawai. Ba haka ba ne. Alama ce cewa wani ƙarfe ya cinye, kuma ranar da kan tayarod ya fice daga gurbinsa ana cikin gudu, taya ba za ta ƙara bin umarnin direba ba.

Auna wasan ba shi da wuya. A tsai da mota a wuri mai shimfiɗa, tayoyin gaba suna duban gaba sosai, sa'an nan a motsa sitiyari dama da hagu a hankali. Littattafan motocin Toyota da yawa sun ƙayyade milimita 30, kimanin faɗin yatsu biyu, kafin taya ta fara motsi. In ya wuce haka, akwai gyara. Mota mai fawa sitiyari a auna ta inji yana aiki.

A fara da abu mai arha. A duba iskar taya da safe kafin ta ɗau zafi, domin taya mai ƙarancin iska takan sa mota lilo. Bayan haka a ɗaga gaba da jak, a tokare da kyau, a kama taya ta gefe da gefe a girgiza. In an ji ƙwas-ƙwas, a tuhumi tayarod. In kuwa ta sama da ƙasa take motsi, to boris ne ko bol-joyin. Yaron mota ya taka birki a sake girgizawa: in motsin ya ɓace boris ne, in ya ci gaba bol-joyin ne.

Abin da ya fi kashe waɗannan gaɓoɓi a Borno shi ne yashi. Kowace gaɓa tana da 'yar rigar roba mai tsare giris. Zafin watan Afrilu, wanda kan haura digiri 40, yana busar da robar ta tsage, ƙurar hunturu ta shiga ta cuɗe da giris, ta riƙa goge ƙarfen kamar dutsen wasa wuƙa. Gargada da lodi fiye da kima su ƙarasa aikin. Saboda haka robar da ta tsage a canza ta tun ƙarfe bai ci ba. Haka nan bushin da shokozoba.

Sitiyari iri biyu ne. Fijo 504, wadda aka fara haɗawa a Kaduna a 1975, mai rak ce, yawancin ƙananan motocin yau ma haka. Manyan motoci da tsofaffin Land Cruiser kuwa akwati gare su, mai kusar ɗaurewa a samansa. Nan ne waɗansu makanikai ke kuskure, su ɗaure kusar tam don wasa ya ɓace. Sitiyari sai ya yi tauri, ya daina komowa tsakiya bayan kwana, haƙoran akwatin kuma su lalace da wuri. Kaɗan-kaɗan ake ɗaurewa, bayan an tabbata sauran gaɓoɓi lafiya suke.

Alaimen shi ne na ƙarshe. Yin sa a kan tayarod da ya cinye asarar kuɗi ce, don rami ɗaya zai rushe shi. A sa sabon kaya, a tabbata an mayar da fin ɗin da ke kulle noti a inda ake sa shi, ba ƙusa ko waya ba, sa'an nan a kai mota a daidaita tayoyin.