Gargaɗi Ga Masu Sa Tayil A Gida: A Duba Tun Siminti Bai Kama Ba

Jama'a, a saurara. Maigida, da kai nake. Uwargida, da ke nake. Kai ma malam mai tayil, ajiye cokalin nan ka ji. Idan yanzu haka ana aikin tayil a gidanku, ku tashi ku je ku tsaya a kan aikin. Yau za ku je. Siminti ba ya jiran kowa. Da zarar ya kama, duk kuskuren da aka binne a ƙarƙashinsa ya zauna ke nan, babu mai fito da shi sai guduma.

Tayil ya shiga ko'ina. Falo, ɗakin kwana, kicin, banɗaki, tsakar gida, har bangon waje. Mai shirin kawo amarya, tayil. Mai gyaran gida kafin Sallah, tayil. Shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Dei-Dei a Abuja ka ga yadda ake lodin kwalaye daga safe har yamma. Kowa kala yake tambaya, kowa farashi yake tayawa. Wa ke tambayar santsi? Wa ke tambayar abin da za a shimfiɗa a ƙarƙashi? Wa ke tuna tsohon da zai taka wannan daɓe da jiƙaƙƙiyar ƙafa?

Mu fara da santsi, domin shi ke kai mutum asibiti cikin ƙiftawar ido. Tayil mai sheƙi kyan ɗan maciji ne. A shago yana ɗaukar ido. A banɗaki, da ruwa da kumfar sabulu a kansa, tarko ne. Wa ke fara shiga banɗakin nan da asuba? Baba ne da butarsa, zai yi alwala. Ga duhu, ga ido ya yi rauni. Ya ɗaga ƙafa ɗaya zai wanke, ɗayar ta zame. Ƙashin ƙugun tsoho idan ya karye, ba kowa ke sake miƙewa ba. Daga nan sai doguwar jinya, sai gyambon kwanciya, sai gida ya koma zaryar asibitin ƙashi. Mai juna biyu fa? Yaron da ya shigo da gudu ana ruwan sama fa? Yarinyar da ta ɗauko tukunyar ruwan zafi a kicin fa?

Kada ku raina faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 684,000 ne ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa. Sama da kashi 80 cikin 100 na waɗannan mace-mace a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaita suke aukuwa. Waɗanda suka haura shekara 60 su abin ya fi kashewa. Iyayenmu ke nan. Me zai sa mu sayo musu haɗari da kuɗinmu, mu shimfiɗa musu shi a ƙofar ɗaki?

Ku nemi tayil mai kaushi don banɗaki, kicin, matakala da tsakar gida. Ku gwada tun a shago. Ku zuba masa ruwa, ku murza da tafin hannu. Idan hannu ya zame, ƙafa ma za ta zame. Ku duba jikin kwali. Wasu kamfanoni na rubuta lamba daga R9 zuwa R13, kuma gwargwadon girman lambar gwargwadon riƙon ƙafa. R9 na busasshen wuri ne. Kada ya shiga banɗaki. Kada kuma ku yarda a shimfiɗa tayil ɗin bango a ƙasa don an samu ragowa. Ya fi santsi, ya fi saurin fashewa.

Ina ruwan wanka zai bi? Ku tambayi mai aiki tun bai dama siminti ba. Daɓen banɗaki dole ya yi gangare zuwa bakin magudana, santimita 1 zuwa 2 a kowace mita. Idan babu gangare, ruwa zai kwanta a lungu. Gansakuka za ta fito, santsi ya ƙaru, wari ya tashi, sauro ya samu mazauni. Kafin ku biya cikon kuɗi, ku sheƙa bokitin ruwa ku tsaya ku gani. Ruwa ba ya ƙarya.

Sai abin da ke ƙarƙashi. A nan yawancin ɓarna take, domin ido ba ya ganinta. An yi ciko da ƙasa, an daddanne ta? Idan ba a daddanne ba, za ta zauna bayan damina ɗaya, daɓen ya lotsa, tayil ya tsage. An zuba kankare, an bar shi ya bushe? Kankare sai ya yi kwana 28 yake kai ƙarfin da magina ke lissafi da shi, kuma yana tsukewa yayin da yake bushewa. Ka ɗora tayil a kan ɗanyen daɓe, daɓen ya tsuke, tayil ya rasa inda zai sa kansa, sai ya ɓalle. An sa ranar biki, an matsa wa mai aiki ya gama cikin kwana uku. Biki ya wuce, ɓarna ta tsaya. Sauri ya haifi nawa. Idan lokaci ya ƙure, a tare a kan daɓen siminti, a sa tayil daga baya. Babu abin kunya a ciki.

Tayil kuma iri-iri ne, kowane da abin da ke riƙe shi. Na seramik yana shan ruwa, shi ya sa ake jiƙa shi kafin a ɗora a kan kwaɓin siminti da yashi. Wanda 'yan kasuwa ke kira fosilin kuwa, ruwan da yake sha bai wuce rabin kashi 1 cikin 100 na nauyinsa ba. Zallar siminti ba ya kama bayansa da kyau. Gam ɗin tayil yake buƙata, irin na buhu, a shafa da cokali mai haƙora. Mai aikinku ya san wannan? Ku tambaye shi. Idan ya ce duk ɗaya ne, ku dakatar da shi.

Ku lura da yadda yake shafa kwaɓin. Wasu ɗigo biyar suke yi, huɗu a kusurwa, ɗaya a tsakiya, su manna. Sun yi tsimin siminti, sun bar muku kogo. A ƙasa, ƙafar kujera ko tukunyar gas ta faɗa a kan kogon, tayil ya rotse. A bango abin ya fi muni. Tayil ɗaya mai faɗin santimita 60 ta kowane ɓangare yakan kai kilo 7 ko fiye. Ku auna wannan nauyi, da kaifin baki, ya saki daga saman bango. Wa ke ƙasa? Yaron da ake yi wa wanka. Matar da ta sunkuya tana wanki. Bayan tayil dole ya cika da kwaɓi, musamman a wurin ruwa da wurin rana. Ku sa a ɗaga ɗaya da aka manna yanzu, ku ga bayansa da idonku. Idan bangon yana da fenti, a kankare fentin tukuna. Abin da aka manna a kan fenti, tare da fentin zai sauko.

Ku tuna da ranar ƙasarmu. A Kano, Sakkwato da Maiduguri zafin watan Afrilu na haura digiri 40, sannan sanyin asubar hunturu ya zo ya sa komai ya takure. Tayil na buɗewa da zafi, yana tsukewa da sanyi. Idan an matse shi baki da baki, an kuma danna shi jikin bango, ina zai motsa? Wata rana sai ku ji ƙara kamar an harba bindiga. Tsakiyar falo ta tashi sama, ta fashe. Bakin fasasshen tayil kaifi gare shi kamar reza, yaranmu kuma ba takalmi suke yawo a gida. A bar tazarar milimita 2 zuwa 3 tsakanin kowane biyu, da 'yan robobin da ake sakawa don haka. A bar kamar milimita 6 a gefen bango, a rufe da abin da ake zagaye gindin bango da shi. A tsakar gida da baranda, inda rana ke duka, a bar layi ɗaya a kowace mita 3 a cike shi da silikon mai laushi. Mai aiki zai ce ya fi kyau a haɗe. Kada ku yarda.

Ruwa fa? Da yawa sun ɗauka tayil na tare ruwa. Layukan da ke tsakani suna shan ruwa, suna tura shi ciki. A banɗakin bene wannan babban haɗari ne. Ruwa ya ratsa kankare, ya iske rodi. Rodi ya yi tsatsa, ya kumbura, ya fasa kankaren daga ciki. Kun ga tabo a silin ɗakin ƙasa? Kun ga fenti na kumbura a bayan bangon banɗaki? Ɓarna ta riga ta fara. A shafa maganin hana ruwa ratsawa kafin tayil, a ƙasa da gindin bango. A toshe magudana, a tara ruwa ya kwana ya yini, a duba ko ya ragu. A buɗe famfo a gwada kowace mahaɗar bututu kafin a rufe ta. A tabbatar wayar hita da soket ba sa kusa da inda ruwa ke bi. Ruwa da lantarki a bayan bango ɗaya, da mutum tsaye babu takalmi, wannan ajali ake kira.

Masu rufe bangon da gishiri ya ci da tayil, ku ma ku ji. Kun ɓoye ciwo, ba ku warkar da shi ba. Danshin da ke tasowa daga ƙasa zai rasa mafita, ya haura sama, ya ɓullo a inda tayil ya ƙare. Bulo na ruɓewa a ciki, ku kuna ganin sheƙi a waje. A nemo inda ruwan ke fitowa. Kwata ce? Bututu ne? Indararo ne ke zuba a gindin bango? A gyara, bango ya bushe, sannan a yi ado.

Malam mai tayil, yanzu naka ne. Farar ƙurar nan da ke turnuƙe ka idan kana yanka da inji, ka san mene ne a cikinta? Garin dutse ne da ake kira silika. Yana shiga can cikin huhu, ba ya fitowa. Yana taurara huhu a hankali, shekara bayan shekara, har numfashi ya gagara. Cutar ba ta da magani, tana kuma buɗe wa tarin fuka ƙofa. Hankici a hanci ba ya tare ƙurar. Ka yanka da ruwa. Ka yanka a waje. Ka sa takunkumi na gaske da gilashin kare ido. Yaron da ke riƙe maka tayil, shi ma huhu gare shi. Maigida, fitar da yara da mai asma daga gidan har ƙura ta lafa, a goge ta da jiƙaƙƙen tsumma, kada a share ta a bushe.

Uwargida, ga taki. Bayan aiki akan kawo asid don wanke ragowar siminti. Yana ƙona fata, yana makantar da ido, yana cinye abin da aka cike layuka da shi. Kada ki taɓa haɗa shi da bilic. Haɗuwarsu na fitar da iskar kulorin mai shaƙe numfashi, a rufaffen banɗaki kuwa tana iya kisa. Kada a zuba shi a robar lemo. Kada a ajiye shi inda hannun yaro zai kai.

Masu shirin saye, ku auna ɗaki da kyau, ku ƙara kashi 10 cikin 100 saboda yanka da fashewa. Ku duba lambar da ke jikin kwalaye ta zama ɗaya, domin kala da girma kan bambanta daga wannan gashi zuwa wancan. Ku ajiye kwali ɗaya don gyara. Ku je ku ga aikin da mai tayil ya yi shekara biyu da suka wuce, ku taka shi, ku tambayi masu gidan. Araha ba ta ado. Bayan an gama, a hana kowa takawa na aƙalla awa 24.

Wanda kuma ya riga ya sa, kada ya ce maganar ta wuce shi. Ɗauki makulli ka bi ɗaki-ɗaki kana ƙwanƙwasawa. Ka ji amo kamar ganga? Kogo ne. Ka ga tsaga ta bi layi ɗaya ta ratsa tayil uku ko huɗu? Daɓen ne ke motsi. Ka ji ƙurus-ƙurus kamar yashi idan ka taka? Ya saki. Baki ɗaya ya ɗago yana kama yatsa? Layukan banɗaki sun yi baƙi, sun zube? Wani ya taɓa zamewa aka ce Allah ya kiyaye? To Allah ya kiyaye, ya kuma nuna maka. Me kake jira? Sai an karye? Sai bango ya sauko? Cire wanda ya saki a bango yau. Sake cike layuka. Shimfiɗa tabarmar roba mai riƙe ƙafa a banɗaki. Kafa ƙarfen dafawa kusa da inda tsofaffi ke alwala. Sa fitila a hanyar makewayi. Kuɗin wannan duka bai kai na jinyar karyayyen ƙugu a gadon asibiti ba.

Tun ran gini ran zane. Bazara na tafe, damina na biye, kowace da irin ɓarnarta, kuma tsagar da ka gani yau ba za ta haɗe da kanta ba. Ɗan'uwa, 'yar'uwa, ku tashi yanzu da makulli da bokitin ruwa ku gwada gidanku. Ku faɗa wa maƙwabcin da ke gini. Ku faɗa wa angon da ke gaggawa. Rayukan da ke taka wannan daɓe amana ce a wuyanku. Allah ya tsare mu da iyalanmu.